Ranar da Alhaji Tambari Ya Yi wa Motoci Biyu Jarrabawa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar gindin bedi da ke ƙofar gidan Alhaji Tambari a Wurno ya san ba a kawo zancen da Alhaji bai riga kowa sani ba. In an yi maganar jirgin sama, ya taɓa ba wani matuƙi shawara a hanyar Makka. In an yi maganar dam ɗin Goronyo, shi ya nuna wa masu gininsa inda ruwa zai tsaya. In kuwa aka taɓo mota, sai ya gyara zaman hula ya ce tun yana saurayi ya tuƙa tarakta a fadama har manajan gona ya yi ta tafi. Abin da ba ya faɗa shi ne, manajan yana tafa hannu ne don mutane su zo a raba taraktar da rumbun wani bawan Allah.

Wata shekara noman rani ya yi wa Alhaji kyau. Tafarnuwa ta yi kai, shinkafar gonarsa ta wajen Goronyo ta cika buhuna, sai ya shelanta cewa ya gama hawan kabu-kabu a rayuwarsa, mota zai saya. Ya aika wa Siddiƙu, wani dillalin motoci na Sakkwato, cewa ya kawo masa abin da ya dace da babban manomi mai iyali.

Wata safiya sai ga Siddiƙu da motoci biyu a ƙofar gida. Ɗaya farar a-kori-kura ce mai buɗaɗɗen baya, tayoyinta kamar na sojoji. Ɗayar ƙaramar jif ce ruwan toka, mai kujeru masu laushi da na'urar sanyi, har da wata taga a rufinta.

Siddiƙu ya ce, “Alhaji, ga su nan. Wagga ta gona, wagga ta iyali. Ni za ni Rabah ɗaurin aure, sai la'asar in komo. Ga makullai, ka shiga ka zamna, ka kunna ka ji ƙararsu. Amma don Allah kada su gusa daga nan, ba a yi ciniki ba tukuna.”

Alhaji ya karɓi makullan yana murmushi. “Tahi abinka. Ni da mota tun ba a haihe ka ba.”

Siddiƙu bai gama shan kwana ba gardama ta tashi. Hajiya Uwaliya, matar Alhaji, ta leƙo daga zaure ta ce jif za a saya, don ta gaji da zuwa biki Rabah a bayan babur, ta isa mayafinta ya zama na mai aikin gini. Maccido, abokin Alhaji tun na ƙuruciya, wanda ya taɓa jan tasi kafin ya koma sayar da taki, ya ce a-kori-kura ce motar manomi.

“Injin ban ruwa ina za ka sa shi cikin wagga 'yar gayu? Buhunan tahwarnuwa hwa? Bisa cinyar Hajiya?”

“Ni kuma bisa buhu za ni zamna in tai gaisuwa?” in ji Uwaliya.

Alhaji ya bar su suka yi ta yi, yana shafa gemu kamar alƙali. Da suka gaji sai ya ɗaga hannu.

“Ku duka ba ku san mota ba. Kowa ya san a-kori-kura na ɗaukar kaya. Kowa ya san jif na ɗaukar mutane. To mi anka gano? Gwaji na gaskiya shi na a juya musu aiki. Iyali su hau a-kori-kura, kayan gona su shiga jif. Mu tai gona, mu wuce bakin dam mu ci abinci mu sha iska kamar yadda manyan mutane ka yi. Wadda duk ta iya aikin 'yar'uwarta, ita za ni saye.”

Maccido ya ce, “Siddiƙu ya ce kada su gusa.”

“Ya ce kada su gusa su kaɗai. Ni za ni gusa da su.”

Nan da nan gida ya rikice. Aka fito da doguwar kujerar kushin ta falo aka ɗora a bayan a-kori-kura. Ta yi tsawo, ƙofar baya ta ƙi rufuwa. Maccido ya ce a ɗaure ta da igiya, Alhaji ya ce ba a ɗaure kujerar da Gwaggo za ta zauna, nauyin girmanta ya isa.

Gwaggo Habi ƙanwar mahaifin Alhaji ce, ita ta goye shi, kuma a duk faɗin Wurno ita kaɗai ce ke kiransa yaro a gaban jama'a. Ta fito tana dogara lema, ta dubi kujerar can sama, ta dubi Alhaji.

“Kai wanga yaro, kasuwa za ka kai ni ka saisuwa?”

“Shan iska za mu, Gwaggo.”

“Iskan gidanmu mi ya same shi?”

Duk da haka ta yarda, don ta ce ba ta taɓa ganin dam ɗin nan da ake ta faɗa ba. Maza suka tallafa ta hau, ta zauna tsakiyar kujera ta buɗe lema. Uwaliya ta ce ita ba don Alhaji za ta ba, don kada a bar tsohuwa ita kaɗai ne. Ta hau ta zauna a kan wata 'yar kujera daf da kan mota, ta rungume kulolin shinkafa da miya.

Cikin jif kuwa aka cusa injin ban ruwa da mesarsa a but ɗin baya, aka danna buhunan irin tafarnuwa a kai. Saura rago. Wani ƙaton balami ne da Alhaji yake kiwo, yana so ya kai shi rugar Sajo, Bafillacen da ke riƙe masa dabbobi kusa da gonar. Ragon ya ƙi shiga but, ya ƙi tsayawa a ƙasa, sai da ya haye kujerar baya ya miƙe ƙafafu sannan ya yi shiru.

Alhaji ya ce, “Kun gani? Ko dabba ta san wurin daɗi. Jif ta ci maki ɗaya.”

Ya shiga mazaunin direba. Maccido ya leƙo ta taga ya ce, “Alhaji, wagga otomatik ta, ba ta da kuloci. Ƙahwa guda aka tuƙa ta.”

“Ni za ka koya ma tuƙi? Tai ka ja taka.”

Motar ta fara tafiya sumul, jama'ar unguwa suna kallo. Alhaji ya ga lokacin canza giya ya yi, ya ɗaga ƙafar hagu ya taka kuloci da ƙarfinsa. Birki ne. Motar ta dafe wuri ɗaya, rago ya taso daga baya ya ratsa tsakanin kujeru ya sauka a cinyar Alhaji, ƙirjinsa a kan ham. Ham ya yi ta kuka, rago yana amsawa, Alhaji yana salati daga ƙarƙashin ulu.

Da aka zaro ragon, Alhaji ya leƙo da hula a karkace ya ce wa 'yan kallo, “Birki lahiya lau. Da gangan nig gwada.”

Suka kama hanyar Goronyo, jif a gaba, Maccido a baya da a-kori-kura. Alhaji ya rufe gilasai ya kunna sanyi don ya ji daɗin da ake faɗa. Ba a yi nisa ba sanyin ya haɗa warin tafarnuwa da na rago ya dama su wuri guda, har idanun Alhaji suka fara ruwa. Ya laluba maɓallin gilashi, ya danna wannan ya danna wancan. Goge-gilashi ya tashi, rediyo ya kama waƙa, can sai tagar rufi ta zuge. Rago ya ji iska daga sama, ya dafa kafaɗar Alhaji da kofato, ya fitar da kansa waje har wuya.

Alhaji bai damu ba, tunda wari ya ragu. Abin da ya lura da shi kawai shi ne duk ƙauyen da suka ratsa mutane na fitowa suna ɗaga hannu suna shewa. Masu kabu-kabu suka biyo su suna danna ham. Ransa ya yi fari, ya sauke gilashi yana ɗaga musu hannu yana cewa, “Na gode, na gode, Allah bar zumunci.”

Suka iso garin Rimawa, ashe ranar kasuwa ce, hanya ta cika. Alhaji ya tsaya a tsakiyar jama'a ya fito yana baza babbar riga. Maccido ya tsaya a bayansa.

“Maccido, ka ga yadda anka san ni ƙasar ga?”

Wata mai fura da ke gefen hanya ta ce, “Alhaji, don Allah wa ka takarar, kai ko wancan na bisa? Don mu san wanda za mu jehwa ma ƙuri'a.”

Alhaji ya ɗaga kai. Rago na can sama yana kallon jama'a dama da hagu, yana tauna wani abu baƙi. Maccido ya leƙa cikin motar ya ce matashin kan kujerar direba ne, ya kusa cinye rabi. A kan kujerar baya kuma ragon ya bar tsarabarsa birjik.

Alhaji ya yi gyaran murya. “Wanga duk cikin gwaji ne. Yanzu sai a canza. Alƙali na gari ba shi sauraren ɓangare guda. Maccido, riƙe jif, ni za ni ja iyali.”

Daga bayan a-kori-kura Gwaggo ta ce, “Uwaliya, ki yi ta istigfari.”

Alhaji ya hau, ya ce yanzu ya zo gida, ga kuloci ga giya irin ta maza. Ya taka totur har injin ya yi ruri, 'yan kasuwa suka dare, sannan ya saki kuloci gaba ɗaya. Motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta. Doguwar kujera ta zame ta baya salin-alin, ta dira a tsakiyar hanya a kan ƙafafunta, Gwaggo na zaune daram da lemarta a buɗe, ko ɗankwalinta bai goce ba.

Alhaji bai waiwaya ba. Ya ji motar ta yi sakayau, ya ce a ransa lallai mota ta san hannun gwani. Uwaliya ta shiga dukan rufin mota da murfin kula. Ya ji bugun ya yi dariya.

“Hajiya har da kiɗi! Ai na hwaɗa miki za ki so ta!”

Ya ƙara wuta. Sai da suka fita gari ta samu ta zura hannu ta taga ta fizge masa hula, sannan ya taka birki.

“Mi na na kuma?”

“Gwaggo! Ka zubda Gwaggo!”

Ya leƙa baya. Ba kujera, ba Gwaggo.  Ya kama giya yana neman ribas, ya tura nan motar ta yi gaba, ya tura can ta mutu. Da ya ga abin ba na yi ba ne, ya tattare riga ya koma Rimawa a ƙasa.

Ya tarar da kasuwa ta tashi ta koma kewaye da kujerarsa. Motoci na ratsewa ta gefe. An kawo wa Gwaggo fura a ƙwarya, tana sha tana ba da labari, Maccido na tsaye kusa yana share hawayen dariya.

“...har gemu ya hito mishi shina tsoron zakara. In za shi masallaci sai na raka shi na kore kaji. Yawwa, ga shi nan tahe. Ku dibe shi da kyau, shi na.”

Jama'a suka juyo gaba ɗaya. Alhaji ya durƙusa. “Gwaggo, ba ki ji ciwo ba?”

“Ina ni ka jin ciwo? Tun da munka baro Wurno sai yanzu nij ji daɗin tahiyar ga, da mota ta tahi ta bar ni.”

Ta rantse ba za ta sake hawa bayan a-kori-kura ba ko da za a kai ta Makka. Ta miƙe ta buɗe gaban jif ta zauna, ta ce gara warin rago da tuƙin Tambari. Wasu majiya ƙarfi suka ɗauki kujerar a ka suka bi Alhaji da ita har inda ya bar mota, 'yan kasuwa na biye ana ta yi masa kirari. Wannan karon da kansa ya nemo igiya.

Mai hankali da daga nan ya juya gida. Alhaji kuwa ya ce ai yanzu aka fara, ba a san mota a kan kwalta, sai a daji.

Da suka wuce Goronyo suka sauka daga titi suka hau 'yar siririyar hanyar da ta bi gefen kanal, wato babbar hanyar ruwan da ke zuwa daga dam. Dama ruwa, hagu gonakin shinkafa kore shar. Gonar Alhaji na can gaba, sai an yi zagaye. Ya hango wani fili a gonar maƙwabcinsa Mode, inda ba a gama dashe ba, ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli.

Ya leƙo ya ce wa Uwaliya, “Riƙe kulolinki. Yanzu za ki ga abin da aka kira yanke.”

“Alhaji, wancan laka ta!”

“Ga mai ƙaramar mota.”

Ya karya sitiyari ya gangara. A-kori-kura ta yi 'yar tafiya da ƙarfin hali, sannan ta fara nitsewa a hankali kamar tsohuwa za ta zauna. Ya taka totur, tayoyi suka yi ta juyawa suna watsa laka sama, lakar na dawowa kan kujerar falo da kan Uwaliya. Da ya gama, motar ta zauna har ciki.

Manoma suka bar aikinsu suka taru a kan hanya. Mode ya iso da gudu da fartanya a kafaɗa.

“Alhaji Tambari! Mi gonata ta yi maka?”

“Kwantar da hankalinka, Mode. Huɗa ce nis soma yi maka kyauta. Yanzu za ni hidda ta.”

Ya taka laka ya fito, takalmi ɗaya ya zauna a ciki. Ya ce Maccido ya sauka daga jif, yanzu za ta nuna ko ta iya aikin ƙarfi. Gwaggo ta ce ita kam ba inda za ta, sanyi ya kama jikinta. Alhaji ya kwance igiyar kujera, ya ɗaura baki ɗaya a bayan a-kori-kura, ɗayan a bambar gaban jif.

Maccido ya ce, “Wagga bamba roba ta.”

“Roba ta Turai.”

Ya shiga ya ja da baya. Igiya ta miƙe, aka ji ɓarat, bambar ta fita fit ta tashi sama ta faɗa gonar Mode. Jif ta tsaya da baki a buɗe kamar mai giɓi.

Alhaji ya ce dama yana zargin bambar, gara da aka gano tun yanzu. Maccido ya rarrafa ya ɗaura igiyar a jikin ƙarfe. Alhaji ya koma ciki, ya waiwaya baya sosai kamar yadda direbobi ke yi, ya ja sandar giya, ya taka totur. Idonsa na baya, motar ta yi gaba. Ta gangara cikin gona da gudunta, ta je ta sumbaci bayan a-kori-kura, ta nitse ita ma.

Gwaggo ta ja carbi ɗaya ta ce, “To, sun gamu. Sai a yi musu addu'a.”

Yanzu kam jama'a sun yi yawa, har masu wanki a kanal sun taso. Wani ya ce a kira tarakta, wani ya ce a sa itace ƙarƙashin taya. Alhaji ya fito, ya jawo buhun tafarnuwa ɗaya daga but ya hau kai don kowa ya gan shi.

“Ku saurara! Mi ya riƙe motocin ga? Laka. Mi ya kawo laka? Ruwa. To wa ad da injin ban ruwa nan wurin in ba ni ba? In janye ruwan, ƙasa ta bushe, mu hita muna dariya.”

Aka ciro inji aka girka a bakin hanya. Alhaji ya hana kowa taɓawa. Ya jefa mesa ɗaya a kanal, ya ja ɗayar ya ajiye tsakanin motocin.

Maccido ya ce, “Alhaji, ka juya su.”

“Yau ranar juyi ta. Matsa.”

Ya ja igiyar inji, inji ya kama. Ruwan kanal ya taho ta mesa da ƙarfinsa yana kwarara cikin gona. Alhaji ya tsaya riƙe da ƙugu yana cewa a ba shi lokaci, ruwa sai ya taru kafin ya tafi. Mode, wanda ɗazu yake kumfar baki, ya dubi ruwan da ke malala cikin shinkafarsa, ya ajiye fartanya ya zauna.

“Ku ƙyale shi. Kada wanda ya kashe injin ga. Alhaji ya san abin da shika yi.”

“Kun ji mai gona!” in ji Alhaji.

Ruwa ya rufe tayoyi. Uwaliya ta kwashi kuloli ta haye rufin a-kori-kura, tana faɗin da ta sani da ta bi Siddiƙu Rabah a ƙasa. Ruwa ya fara shiga jif ta ƙarƙashin ƙofa. Gwaggo ta ɗaga ƙafafu, ruwa ya biyo ta. Can sai jama'a suka ga kai biyu sun fito ta tagar rufi, na rago da na Gwaggo, kafaɗa da kafaɗa.

“Tambari! Dam ɗin da kac ce za ka kai ni, shi na ka kawo man cikin mota?”

Sai a lokacin Alhaji ya yarda akwai ɗan kuskure, amma ya ce na masu ƙera inji ne. Ya faɗa ruwa ya cafko bakin mesa zai mayar kanal. Mesa ta fi ƙarfinsa, ta yi ta wutsil-wutsil a hannunsa, ta wanke Maccido, ta wanke masu kallo, ta kaɗe murfin kula daga hannun Uwaliya. Daidai nan wani kabu-kabu ya tsaya a kan hanya, wani mutum cikin farar shadda mai sitaci ya sauko. Ruwan ya same shi a ƙirji ya zaunar da shi a ƙasa.

Siddiƙu ne. An gama ɗaurin aure da wuri, ya koma Wurno bai ga motoci ba. Bai sha wahalar nema ba, don tun daga bakin gari duk wanda ya tambaya sai ya ce, “Motar rago? Ta yi nan.”

Maccido ya kashe inji. Wuri ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga hular Siddiƙu. Ya miƙe ya dubi a-kori-kura, ya dubi jif, ya dubi bamba tana yawo a kan ruwa. 

Ana cikin haka sai ga Sajo da bijimai biyu. Ya gaji da jiran rago a ruga, ya ji hayaniya ya biyo. Ya gai da Gwaggo a can saman rufi, ya ce in an ba shi wuri shanunsa za su gwada. Ya ɗaura musu doguwar igiya, ya tsuguna yana neman inda zai maƙala ta a jikin mota.

Alhaji ya ga dama ta ƙarshe ta gyara suna. Ya fizgi bakin igiyar ya naɗe a hannu.

“Bari, Sajo. Shanu da yarensu aka yi musu magana. Ni Hillanci a ruga nik koye shi.”

“Alhaji, ban ɗaura ba tukuna.”

Alhaji ya riga ya cika ƙirji. Ya kwarma wata irin kururuwa mai kama da kukan jaki da kiran sallar wanda ya makara. Bijimai suka zabura. Igiya ta miƙe, Alhaji ya bi ta a kan cikinsa, ya keta gonar Mode daga wannan kunya zuwa waccan, babbar riga na bin sa kamar taru. Sai da suka kai ƙarshen gona Sajo ya yi fito ɗaya suka tsaya.

Sajo ya ce, “Wallahi Alhaji, ko ni ban san wanga yare ba. Amma sun ji shi.”

Jama'a suka kwanta dariya, har Mode na riƙe ciki yana roƙon a ƙara jan Alhaji sau ɗaya ta wancan gefen da bai sha huɗa ba.

Da bijimai da kafaɗun manoma aka fitar da motocin ɗaya bayan ɗaya. Aka jera su a kan hanya suna tsiyayar laka. Aka sauko da Gwaggo, aka sauko da Uwaliya. Rago ya fito da kansa, ya tarar da kular shinkafa a buɗe, ya sa kai.

Alhaji ya taso daga ƙarshen gona. Ba a ganin komai a jikinsa sai idanu da haƙora. Ya zo ya tsaya gaban Siddiƙu yana tofar da ƙasa. Siddiƙu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi magana a hankali.

“Alhaji. Don girman Allah. Bayan duk wanga abu, wace ka zaɓa?”

 Uwaliya ta matso, Maccido ya matso. Alhaji ya share laka daga gemu, ya zagaya a-kori-kura yana ƙwanƙwasa ta, ya zagaya jif yana girgiza kai, ya dawo ya harɗe hannu a baya.

“Siddiƙu, ba ni ɓoye maka gaskiya, don kai ɗan gida ne. Duk biyun sun hwaɗi jarrabawa. Kwashe su. Jibi ka kawo man wasu biyu.”

 Siddiƙu ya sunkuya ya cire takalminsa.

Gwaggo ta ce, “A'a, ɗana, takalmi ba shi isa. Sajo, ara mishi sandarka.”

Sajo ya miƙa sanda da hannu biyu. Alhaji ya dubi sandar, ya dubi fuskar Siddiƙu, ya tattare abin da ya rage na babbar riga, ya kama hanyar gefen kanal da ƙafa ɗaya ba takalmi. Siddiƙu ya rufa masa baya, mai kabu-kabu ya bi su yana cewa a tsaya a sallame shi, manoma na ihu daga kowace gona.

A duk shekarun da Alhaji Tambari ya yi yana cika baki, bai taɓa cewa ya iya gudu ba. Ranar nan mutanen Goronyo suka shaida da idonsu, ashe a nan baiwarsa take.